Jan Allon Oga Bitrus

Har gobe ban manta da wata Juma'a ba, a shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu ana ta sallamar ma'aikata. Ina ƙaramin injiniyan manhaja a wani kamfani a Birmingham, muna kula wa wata council, wato ƙaramar hukuma, da bayanan tsofaffin da ake bi gida-gida ana ba su magani. Bizata a kan aikin nan take. In aka kore ni sai Kano, ni da matata Hajara da cikinta na wata bakwai.

Ga wanda bai san aikin ba, server biyu gare mu, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanan. Ɗaya ta gwaji ce, ka ɓata, ka goge, ba mai tambayarka. Ɗayar ita ce ta gaske, wadda masu kula da tsofaffin ke dubawa kowace safiya. A allo kuwa kamar Hassan da Husaini suke.

Babbanmu, Oga Bitrus, mutumin Kafanchan, ya rubuta wani ɗan script, wato jerin umarnin kwamfuta, bai fi layi goma ba, ya saka a kwamfutar kowa. Da ka shiga ta gasken sai allo ya yi ja, kuma ba za ka goge komai ba sai ka rubuta sunanta da hannunka. Ni kam haushi abin yake ba ni. Na sha ce masa, "Haba Oga, sai ka ce 'yan firamare?" Murmushi kawai yake yi. Da aka zo rage ma'aikata, da shi aka fara. Ya koma Manchester wurin 'yarsa.

Ranar Juma'ar nan ina sauri in samu sallah a unguwar Balsall Heath, manaja ta ce in share bayanan gwaji kafin in fita. Duka biyun a buɗe suke a gabana. Na buga umarnin, na danna, har na ɗauki jakata, sai na ga abin ya tsaya yana neman suna. Na ja tsaki, na sunkuya zan rubuta, sai idona ya faɗa kan jan nan.

Innalillahi! Na janye hannuna daga kwamfutar. Ta gasken ce. Mai ajiye mana kwafin bayanai shi ma an sallame shi, rabon da a duba kwafin an yi watanni. Da na goge, shi ke nan.

Bayan sallah na kira Oga Bitrus, na ba shi labari.

Ya yi dariya. "Sani, ka ɗauka wayo ne ya sa na rubuta shi? Ni na taɓa gogewa a wurin aikina na farko, ba abin da ya tare ni. Washegari aka nuna mini ƙofa."

Na tambaye shi ko ya samu wani aikin. Ya ce tukuna, ana nan ana nema.

Ku da kuka zo bayanmu, in kun tarar da wani ɗan shinge mai ban haushi a aikin nan, kada ku yi saurin cire shi, wani ne ya riga ku faɗawa ramin. Ni dai mutumin da kamfani ya ce ba ya bukata, shi ya riƙe mini aikina yana zaune a gida ba aiki. Allah Ya saka masa da alheri.