Ranar da Na Aske Masa Gemu

Ban taɓa ganin rijiyar mai da idona ba sai a hoton waya, amma ta daɗe tana hana ni sakat.

Tallafin karatu na gwamnati ne ya kawo mu Kuala Lumpur, maigidana yana digiri na biyu a kan duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Da ya gama, maimakon mu tattara mu koma Kano, sai wani kamfani mai yi wa masu haƙar mai hidima ya ɗauke shi. Muka ci gaba da zama a unguwar Danau Kota, ni da yara biyu, shi kuwa ya yi makonni a teku, ya dawo ya yi makonni a gida.

Da bakinsa ya zayyana mini yadda wurin yake. A can ƙasa akwai leburori masu wanke daɓe da fenti da ɗaure kaya. Sama da su akwai masu kokawa da bututun ƙarfe, sai wanda ke hawa ƙololuwar hasumiya, sai mai riƙe da injin haƙa, sai babban da kowa ke shakka. Kowa albashinsa daidai da matakinsa. Nawa mijin an ba shi wani ɗakin ƙarfe kamar kwantena. Lakar da ake turawa cikin rijiya takan dawo da ɓarɓashin dutse, shi ne zai wanke ya duba, ya kuma sa ido a kan na'urar da ke nuna iskar gas. Albashinsa na tudu bai taka kara ya karya ba. Abin da ke riƙe da gidanmu shi ne alawus ɗin ranakun da ya kwana a kan ruwa, don haka duk cefanen da na yi da fargaba nake yin sa.

Wata rana ya shigo da fara'a, har da tapau, wato ƙunshin abinci, na shinkafa da kaza daga shagon mamak, gidan abincin Musulmi 'yan asalin Indiya, ya ce za a mayar da shi wata sabuwar rijiya mai alawus mai kauri. Na yi guɗa, na yi hamdala. Bai ƙara mini komai ba, ni ma ban tambaya ba.

A titin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman na ji ragowar zancen. Mun je sayen yadin makaranta ni da wata 'yar Zariya, wadda mijinta ya riga nawa shiga aikin teku. Tana murza wani yadi ta ce, "Ni kuwa yaya naki ya yi da gemunsa?"

Na ce, "Me ya sami gemun?"

Ta saki yadin ta dube ni. "Au, bai faɗa miki ba? Ai rijiyar nan mai iskar guba ce."

A tsaye a nan ta yi mini bayani. Iskar da farko warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, in ta yi yawa kuma sai ta kashe hanci, mutum ya zaci ta wuce, sai dai a ga ya zube. Da ƙararrawa ta kaɗa kowa zai rarumi takunkumin numfashi ya rufe fuska. Robar takunkumin kuwa dole ta manne da fata. In akwai gashi a tsakani, iskar ta sami ƙofa. Shi ya sa dokar wurin ta ce a aske ƙwal.

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. A cikin bas ina ta tuna cewa lakar da ke fitowa daga rijiyar kusa da maigidana take fara biyowa.

Gemun maigidana ba na ado ba ne. Mahaifinsa malami ne a unguwarsu, kuma tun da gashi ya tsiro masa reza ba ta taɓa hawa haɓarsa ba. Yana taje shi, yana shafa masa turare, in lissafi ya cushe masa shi yake ja. Ni kaina ban san fuskar da ke ƙarƙashinsa ba.

Ina shiga na jefar da ledar yadi na ce, "Malam, wato ni za a mayar baƙuwa a gidana? Sai a kasuwa zan ji inda za ka kai ranka?"

Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, Hajiya. Zan rage shi sosai. Wasu ma basilin suke shafawa su ɗaure igiyar takunkumin tamau, shi ke nan. In mai duba ma'aikatan yana da sauƙin kai sai ya kau da ido."

"In iskar ba ta da sauƙin kai fa?"

"Rai a hannun Allah yake."

"Na sani. Ai shi ya ba ka hankalin da ka yi digiri biyu da shi."

Ya ja gemun ya ce a hankali, "To me zan ce wa Baba in ya kira ya gan ni? Da wane ido zan shiga sahu ranar Juma'a?"

A nan na sassauta, don na san ba taurin kai ba ne kawai. Kunya ce, da tsoron saɓo, da nauyin mahaifi. Na ce to ya haƙura da rijiyar. Ya ce wanda ya ƙi tafiya sau ɗaya ba a cika sake kiransa ba, takardar zamanmu a ƙasar kuma a kan aikin take rataye.

Kwanakin da suka biyo baya ban more su ba. In na fasa ƙwai sai na sansana shi. In na kunna murhun gas sai gabana ya faɗi. Ina kallonsa yana alwala yana tsefe gemun da jiƙaƙƙun yatsu, sai in ji kamar in fashe da kuka. Ya tambayi wani malami a jami'a, aka ce masa akwai sassauci ga lalura, amma ya dawo ya ci gaba da zancen ragewa.

Ana gobe zai tafi, muna cin abincin rana, na ɗauko kofin roba na yara. Na kifa shi a bakina da haɓata na zuƙe iska, kamar yadda muke wasa muna ƙanana. Kofin ya manne, na saki hannu ina kaɗa kai. Yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Na cire na miƙa masa na ce, "Bismillah, Injiniya."

Ya kifa ya zuƙa, kofin ya faɗo cikin miya. Ya goge ya sake, ya danna da ƙarfi. Ina jin iskar tana shiga ta cikin gashin, fiii. Yara suna dariya, ni da shi ba mu yi ba.

Da safe bayan sallah ya fito da reza ya tsaya a gaban madubi, ya daɗe bai motsa ba. Ya ce, "Hannuna ba zai iya ba."

Na zaunar da shi a kan kujerar roba, na yafa masa tawul. Na fara da almakashi. Idonsa a rufe, leɓensa yana motsi da istigfari. Gashin yana zuba a kan ƙafafuna, da na koma reza har na ɗan yanke shi a gefen muƙamuƙi. Da na gama sai ga wata fuska fara sol daga ƙasa, ƙarama, kamar ta ɗan sakandare. Na ce, "In Baba ya tambaya, ka ce ni ce." Bai dubi madubi ba.

Motar da za ta kai shi filin jirgi ta iso. Ya saɓa jaka, ya shafa kan babban cikin yaran, sannan ya durƙusa ya buɗe wa ƙaramar hannu. Ta tsaya tana kallonsa. Ya kira ta da sunan da yake kiranta, ta ji muryar, ta leƙa bayansa tana neman mai ita. Sai ta tsala ihu ta ruga ta cusa kai cikin zanena tana cewa, "Tak nak! Tak nak!", wato ba ta so.

Ya ɗan jima a durƙushe, direba yana ta kiran waya. Daga nan ya miƙe ya ce, "Ku yi mini addu'a," ya fita. Ya tafi teku bai ɗauke ta ba, ita kuwa ta wuni tana bin ɗakuna tana tambayata ina Abbanta.