Ranar da Mota Ba Ta Tsaya Wa Tabawa Ba

Wata rana da hantsi, wata ƙaramar motar haya ta bi ta ƙofar gidan Tabawa, ba ta tsaya ba.

Kuluwa ce a gidan gaba. Ta madubi ta hango Tabawa ta miƙe daga dakali da ƙunshin kayanta a hannu. Ta ce wa direba ya ci gaba.

Kuluwa mai kiɗan ƙwarya ce. Ba irin wadda za ku ji a rediyo ba. Ita ta ƙananan gidaje ce: wunin biki a ƙauyukan Rogo, suna a Ƙafur, walimar dawowa daga Makka a wani lungu na Bakori. Tsakar gida, tabarmi, mata arba'in ko hamsin, da akuyar da ake ta kora daga bakin ƙwaryar ruwa.

Tabawa kuma babbar 'yar amshinta ce. Ta girme ta da shekara tara. Shekara ashirin da biyu suna kan hanya tare.

Sun kwana a ɗakunan mutane, sun yi matashi da jaka. Sun tura mota a taɓo da damina. In ƙwarya ta tsage a kan hanyar da ba kwalta, Tabawa ke ɗinke ta. In muryar Kuluwa ta dushe, Tabawa ke roƙon murhu a gidan baƙi ta dafa mata citta da kanumfari.

To me ya raba su?

Lasifika.

Kuluwa ta sayi lasifika mai batir, don matan yanzu sun fi son kiɗan da ake ji har waje. Bayan mota ya cika da ƙore, kuma lasifikar ba ta son girgiza. Sai dai a ba ta kujera. Dole mutum ɗaya ya sauka.

Sauran 'yan amshi uku ba su ɓoye ra'ayinsu ba. Muryar Tabawa ta fara rawa, in ji su. Kuma ba ta taɓa taya su sauke kaya. Da an isa gidan biki, ana jidar ƙore, ana neman ruwa, sai a neme ta a rasa. Tana can ɗakin tsofaffin gidan, ta miƙe ƙafa, ana ɓantarar goro ana hira. Sai an kusa farawa za ta fito tana share baki, ta zauna a hannun daman Kuluwa.

Wata ɗabi'a kuma ta daɗe tana ba Kuluwa haushi. Tana tsakiyar waƙa, ta ɗauko kirarin wani za ta ambace shi, sai ta ji yatsun Tabawa a gwiwarta. Sai Tabawa ta ɗaga amshi da ƙarfi ta rufe wurin. Kuluwa ta saba, takan tsallake sunan ta kama wani. Amma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ta ɗauka iyayi ne irin na wadda ta girme ka.

Ba ta iya faɗa mata baki da baki ba. Shi ya sa ta bar mota ta faɗa mata.

Daga baya ta aika mata da turmin atamfa da saƙon cewa ta huta, ta yi ƙoƙari. Tabawa ta aiko da godiya. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Wata bakwai komai na tafiya daidai. Lasifika na aikinta. Kuluwa takan canza hanya don kada su bi ta layin su Tabawa, kuma kullum tana ce wa kanta za ta je ta ba ta haƙuri, in aiki ya lafa.

Sai aka kira su wunin biki a gidan wata Hajiya Gaje, a wani ƙauye bayan Rogo. Za ta aurar da autarta.

Da safiyar ranar, suna kan hanya, wayar Kuluwa ta yi ƙara. Tabawa ce. Kuluwa ta dubi sunan har kiran ya katse. Tabawa ta sake kira. Kuluwa ta kifa wayar a cinya. Ta tabbata ƙorafin wata bakwai ne ya iso, kuma ba ta shirya jin sa a gaban yaranta 'yan amshi ba.

Gidan ba baƙonta ba ne. Shekara uku baya ta yi wasa a nan, kuma Allah ya ba ta riƙe suna. Ta tuna baitin da ya sa Hajiya Gaje rawa a wancan karon.

Bayan azahar, da kiɗa ya yi daɗi, mata sun cika fili, ta ɗauko shi. Ta wasa Hajiya Gaje uwar Nafi'u mai mota. Ta yabi motar, ta yabi hannunsa a kan sitiyari, ta roƙi Allah ya dawo mata da shi gida lafiya duk inda ya tafi. Har ta ce a kira shi ya shigo ya taka wa ƙanwarsa.

Lasifika ta ɗauki sunan ta haye katanga da shi, har inda maza ke zaune a waje.

Babu wadda ta yi guɗa.

Hajiya Gaje tana riƙe da farantin alkaki. Ta sunkuya ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta shiga ɗaki, ta saki labule. Can ciki aka ji amarya ta fashe da kuka.

Wata tsohuwa ta tako ta ɗora tafinta a kan ƙwaryar Kuluwa har sautin ya mutu. Ta gaya mata a kunne cewa Nafi'u ya rasu wata huɗu da suka wuce, a hanyar Zariya, cikin motar nan da take yabo. Kuma da ƙyar aka lallashi uwar ta yarda a yi kiɗa a gidan.

Kafin la'asar sun ɗaure kaya. Ba wanda ya kore su. Ba kuma wanda ya raka su.

Washegari Kuluwa ta tafi gidan Tabawa da ƙafa. Ta same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa a bakin tabarma, ta kasa ɗaga kai.

Tabawa ta ce, "Na kira ki jiya, sau biyu."

"Na gani, Yaya. Na ɗauka faɗa za ki yi mini."

"Cewa zan yi ki bar sunan Nafi'u."

Kuluwa ta ɗago kai. Sannan ta tambayi abin da ya kamata ta tambaya tun shekara ashirin da biyu: me take yi a ɗakunan tsofaffin nan?

Tabawa ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba. Ta ce, "Tambaya nake yi: wa ya mutu tun zuwanmu na ƙarshe."

Wa ya mutu. Auren wa ya mutu. Ɗan wa ke tsare. Wace ce aka yi wa suna bara, yau kuma ba goyo a bayanta. Abin da goron yake saye ke nan. Ko bayan an sauke ta, ba ta daina ba. Da ta ji daga maƙwabciyarta inda za su, sai da ta bincika wurin mata masu zuwa cin kasuwa daga can.

Kuluwa ta roƙi gafara. Tabawa ta ce ta yafe tun ranar, bayan ta gaji da zama a dakali ta kwance ƙunshinta.

Kuluwa ta ce gobe za ta sauke lasifikar, Tabawa ta dawo kujerarta. Tabawa ta yi murmushi, ta ce a bar lasifika inda take. Jikinta ya saba da gado ɗaya yanzu, kuma ba za ta iya sake ɗaura kaya tana sauraron ƙarar mota ba.

Ta ɗebo gyaɗa ta ƙulle mata a leda, ta ce a gaida yara.

Har yau Kuluwa na yawon ƙauyuka. Da sun isa, takan bar yara da kaya, ta sayi goro, ta nemi ɗakin tsofaffi. Sai dai ba sa sakin jiki da ita yadda suke yi da Tabawa. Rabin labari suke ba ta.

Shi ya sa duk sanda za ta ambaci suna a waƙa, takan ɗan yi jinkiri, kamar mai jiran a taɓa mata gwiwa.

Gidan Hajiya Gaje kuwa, an yi suna biyu tun daga nan. Ba a kira ta ba.

Darasi:

Akwai mutanen da aikinsu shi ne hana abu faruwa. Ba za ka ga aikin ba, don duk ranar da suka yi shi, ba abin da ke faruwa. Kafin ka sauke wanda ya daɗe a gefenka, tambaye shi me yake yi. In kuma ka riga ka sauke shi, ya kira ka, ka ɗauka.

In akwai wata Tabawa a rayuwarki ko a rayuwarka, a tura mata wannan. Amma a fara kiran ta tukuna.