Katin Fili Na Goma Sha Huɗu

Sakina, ki gafarce ni da na kawo miki wannan takarda kina tsakiyar karɓar gaisuwa. Na so in yi shiru, na kasa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga Oktoba, bayan la'asar, mijina Malam Tanimu ya shigo ya ce mini mahaifiyarki, Nadira Coleman, ta rasu a asibiti a Spokane.

Yaya Nadira, shekara talatin kina raba wasiƙu gida-gida. Da kika aje aiki, maimakon ki huta, sai kika ɗaura 'yar tirelar nan taki a bayan mota, ɗaki guda mai taya biyu, kika tare a sansanin Cedar Fork kina kula da masu zuwa hutu, ba albashi. Damina shida muna sauka wurinki. Ke kika nuna mana alƙibla ran farko. Ke ce mai zagayen safe da butar gahawa, kina duba katin da ke jikin turken kowane fili, kina taka tokar murhun kowa ki ji ko ta mutu. Kin sha tsokanata: "Lantana, wannan shara taki, sai kin share dajin Idaho duka za ki zauna?"

Doka ɗaya kika kafa mana: kada wani ya cire katinsa sai ƙafarsa na cikin mota. Da katin ake sanin akwai rai a fili.

Sakina, ga abin da ba a gaya miki ba.

Ranar gobarar daji ta Agusta, ranar tafiyarmu ce. Mun naɗe tanti da safe, Malam ya tafi gari da kaya don a gyara taya. Ni kuwa, don in bar wuri tsaf, na zare katin fili na goma sha huɗu, na jefa a akwatin bakin ƙofa. Na ja surukata, Inna mai shekara tamanin, muka gangara rafi bayan itatuwa mu jira shi. Waya ba ta kamawa a can, ƙarar ruwa kuma ta hana mu jin jiniya.

Da iska ta juya, jami'an daji suka kwashe kowa. Sun bi fili-fili, namu ba mota, ba tanti, ba kati. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya ba ni labarin yadda suka yi da mahaifiyarki a ƙofa.

"Mama, an gama, kowa ya fita. Shiga mota."

"Ɗana, mutanen fili na goma sha huɗu su uku suka zo. Mutum ɗaya na gani ya fita."

"Ai ba kati a turken."

"Kai ka ƙirga katinka. Matsa mini."

Mu a lokacin rana ta koma ja, toka na zubo mana, na rasa ta ina muka gangaro. Inna ta zauna a ƙasa ta ce in tafi in bar ta. Sai na ji muryarki, Yaya Nadira, kina kiran sunana kina tari. Tare muka ɗago Inna zuwa 'yar motar zagayenki. Kika kwance jiƙaƙƙen ɗankwalinki kika rufe mata hanci, ke da kike fama da asma. Ba ki tambaye ni kati ba, a ranar ko bayanta.

Sakina, daga wannan hayaƙi huhun mahaifiyarki bai sake komawa daidai ba. Sau biyu na je asibiti da niyyar neman gafara. Na farko na tarar tana barci. Na biyu kina zaune gefenta, Sakina, har kika yi mini godiyar zuwa, sai na yi muku sallama na koma gida da maganar.

Na san ajali ba ya gaba, ba ya baya. Amma an karantar da mu cewa haƙƙin bawa sai mai shi ya yafe, kuma mai shi ta tafi.

Allah Ya jiƙan Nadira, Ya yalwata kabarinta, Ya tsare ta daga wuta kamar yadda ta fid da mu daga cikinta. Allah Ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanki da dukkan dangi.

Hannuna ne ya cire katin nan. Ke ce magajiyarta, gare ki nake roƙo. In za ki iya yafewa, ki gaya mini. In ba za ki iya ba, shi ma ki gaya mini, ba zan ga laifinki ba. Don Allah ki amsa mini da wuri.

Lantana Shu'aibu