Waƙar da ba ta cikin waya

Ɗana Habu, wanda ke jami'a nan Gashua, ya cika mini waya da manhajojin waƙa har uku. Wai in zaɓi ɗaya, ya goge sauran. "Baba, wannan ta fi fitar da sauti, har numfashin mawaƙi za ka ji." Tun ranar nake latse-latse, na kasa zama wuri ɗaya.

Ni dai na san inda na taɓa jin numfashin mawaƙi: bakin wutar bandar kifin kakata Iya Gana. Bayan isha'i muke kewaye ta, hayaƙi na cin idonmu, ita tana juya tarwaɗa tana tari. Haƙoranta sun zube, muryarta kamar ana jan tabarma a ƙasa.

Akwai tatsuniyar da ta fi so. Dodon ruwa ya sace ɗan wata masunciya, ya ce zai mayar in ta gane muryarsa cikin yaran da ke waƙa a ƙarƙashin kogi. Muryoyi suka taso zaƙi-zaƙi, garau. Can ƙasa akwai wata dusasshiya, mai mura. A nan Iya ke rera waƙar yaron da Badanci, yarenmu na gado.

Ta taɓa tsayawa ta tambaye ni, "Kai mijin banza, wacce za ka ɗauka?"

Na ce mai zaƙin.

Ta ƙwanƙwashe ni a ka. "Da kai ne uwar, da yaro ya ruɓe a ruwa. Mai murar ne nata."

Wannan waƙar na nema a manhajojin nan. Na rubuta yadda na iya, na rera wa waya kamar mahaukaci. Sai ta kawo mini waƙoƙin Indiya. Rabin waƙar nake riƙe da shi, Badancin ma ya gudu daga bakina, kuma babu ɗaya cikin 'ya'yana da ke jin sa.

Na hau mota zuwa Nguru wurin Yaya Hauwa, ban da ni ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna a bakin wutar. Na kunna ɗaukar murya na ce, "Yaya, yi mini ta ɗan masunciya."

Ta fara, tari na katse ta. Ta kai daidai inda nake tsayawa, ita ma ta tsaya. Ta dube ni.

"Ai na ɗauka kai ka riƙe ƙarshen."

Habu ya sake tambaya wacce na zaɓa. Na ce ya goge duka, ya bar mini rabin nan na Yaya. Da tarin a ciki.