Taken Mahaucin Batsari

Malam Edita, abin ya faru ranar kasuwar Batsari, tsakanin azahar da la'asar, da kaka, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Waɗanda ke wurin su ne ni, da direbanmu, da mahauta a rumfunansu, da duk wanda ya ci kasuwa ran nan. Ni a lokacin saurayi ne mai kula da lasifika da rakoda a motar majigi, wadda ke zaga ƙauyuka tana nuna fim ɗin noman gyaɗa. Aikin bai da yawa, sai na shiga wasa da sauti. Nakan ɗauki rurin injin wuta, da luguden mata, da ƙarar guga a rijiya, in yanka zaren rakoda da reza in liƙa, in ƙara masa gudu ko in rage, har in fitar da kiɗan da babu hannun da ya taɓa kaɗa shi. Direban, tsohon soja ne da ya yi busa a bataliya, yakan ce aljanun akwatin yaro sun fara tari kuma.

Kafin mu zo Batsari mun sauka Safana, inda na lallashi wani dattijo, makaɗin 'yan tauri, ya kaɗa mini take iri-iri, kowane da mai shi, ina ɗauka a rakoda. Na ƙarshen ya kaɗa shi a hankali, sannan ya ɗora tafinsa a kan fatar gangar, ya ce ɗana, wannan kada ya fita daga akwatin nan. Ya ce na wani mahaucin Batsari ne, kuma ba a kaɗa wa mutum takensa sai makaɗi na kallon idonsa, don ya san lokacin da zai sassauta. Na ce to, Baba. Ban tambayi dalili ba. Sai daga baya na ji cewa mahaucin ya yi ƙurji a wuya, ya sa an kwance masa taurinsa don askar wanzami ta kama shi, kuma tun daga nan duk makaɗan yankin suka bar takensa.

Taken ya yi mini daɗi. Na ƙara masa gudu, na shimfiɗa rurin inji a ƙarƙashinsa, na liƙa kan zaren da wutsiyarsa ya zama zobe, yadda ba zai ƙare ba sai an kashe. Ran kasuwar aka ce in kira mutane su zo kallo, sai na saka shi a lasifika. Direba ya tafi shan fura. Ni kuma na bar motar na taka har can ƙarshen kasuwa, don in ji yadda sautin ke sauka daga nesa.

Ina kusa da rumfar mahauta na ga mai taken. Dattijo ne ƙaƙƙarfa, yana ɗaure wa wata mata nama. Hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga kai yana neman makaɗin, jikinsa ya fara tsuma. Ƙannensa suka riƙe shi suna ce masa Yaya, babu tauri a jikinka yanzu, ka zauna. Ya watsar da su, ya ce ba a taɓa kiransa ya ƙi amsawa ba. Ya fito fili yana kirari, ya ja wuƙar fawa a damtsensa na hagu, naman ya buɗe. Ya duba raunin, ya duba inda kiɗan ke fitowa. Da makaɗi ne, nan zai kife ganga. Zoben ya zago, taken ya sake kiransa, ya ja wuƙar a kan cikinsa.

Na ruga wajen mota, amma kasuwa ta rikice, mutane na gudu suna ture ni baya. Direba ya riga ni, ya fizge wayar. Mahauta suka iso a bayana. Suka sare lasifikar da gatari, suka farfasa rakodar, wani ya nuna ni ya ce ga mai akwatin. An kayar da ni, an take mini hannun hagu a kan dutse, an buga shi da ƙotar gatari har na daina jin sa. Direban ne ya kwanta a kaina yana roƙonsu don Allah, yana cewa ku bar yaron mu kai ɗan'uwanku Katsina, mota ɗaya ce a garin nan. A bayan motar aka kwantar da mu biyu, ni da mahaucin. Ƙanensa na danne masa ciki da rawani, jinin na gangarowa ƙarƙashin bayana.

Bayan na fito daga asibiti ban sake taɓa rakoda ba. Direban ya ba ni tsohon ƙahonsa na Turawa, ya kai ni wurin abokansa tsofaffin sojoji masu kiɗan jaz a Kaduna. Ranar farko na rufe ido ina busa, mai gangarsu ya jefe ni da sandar kiɗa, ya ce malam, a nan da ido ake kiɗa, ka dubi mutane. A jaz babu wanda ya san abin da zai busa gaba sai ya saurari na kusa da shi, ya kalli masu rawa. Abin da dattijon Safana ya faɗa mini ke nan, ran da na ce masa to.

Yanzu samari da yawa na yawo da rakoda. Ina roƙonsu, kafin su ɗauki kiɗa su tambayi mai shi, kuma in sun kunna kada su bar wurin. Wani kiɗan sunan mutum ne, kuma na'ura ba ta ganin wanda take kira.

Mahaucin ya cika kafin mu kai Katsina. Yatsuna na hagu ba su sake lanƙwasuwa ba. Da uku na dama nake busa har yau.