Yogar Baba a Tsakar Gida

Ranar Asabar ɗin farko ta dogon hutu, shekarar da na gama aji huɗu, na fito da tsintsiya bayan sallar asuba na tarar da Baba a tsakar gidanmu na Kawo, tafin hannuwansa da ƙafafunsa a ƙasa, ƙugunsa a sama, fuskarsa duk jijiya. An kwana ana ruwa, siminti da sanyi, tumakin Inna sun zuba masa ido ba su ko taɓa dusa ba. A kansa wani dattijo ne tsaye, Baba Audu, tsohon sojan sama daga Mando, yana faɗin, "Ja numfashi, Malam Sani, kar ka riƙe." Na jefar da tsintsiyar na ruga na gaya wa Inna Baba ya faɗi.

Ba faɗuwa ya yi ba. Baba direban bas ne, shekara da shekaru yana jigila daga tashar Kawo zuwa Kano, har ciwon baya ya kwantar da shi. Wata biyar ke nan bai riƙe sitiyari ba, salla ma a kan kujera yake yi. An sha allura, an sha saiwoyi, an yi ƙaho, duk a banza. Baba Audu ne ya ce lokacin da aka tura su horo Indiya ya koyo wani motsa jiki mai suna yoga, shi ya raba shi da irin wannan ciwo.

Daga ranar hutuna ya lalace. Baba bai iya yin abu rabi da rabi ba. Kullum da sassafe sai na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi, ni da ƙannena biyu mu jeru a bayansa muna miƙa da lanƙwasa, ina jiyo abokaina a bakin layi suna buga ƙwallon da nake kyaftin ɗinta. Ya hana a sa maiƙo da yawa a miya, ya rage sukarin koko, ya koma tafiya kasuwa a ƙasa, mu ma dole mu bi. Inna kan yi mita a madafi, "Mutum ɗaya ke ciwo, gida duka ke shan magani."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin mutane. Katangarmu gajera ce, yara kan ɗare su leƙo. Ko langa muke yi, da na ɗaga ƙafa sai wani ya ce, "Ɗan yoga, gadon gida!" Manya kuma suka fara raɗe-raɗin wai Baba rana yake yi wa sujada. Limamin masallacin layinmu ya zo har zaure ya tambaye shi, ina kawo musu ruwa na ji Baba yana cewa, "Allah gafarta Malam, ba na bautar kowa sai Allah. So nake goshina ya sake taɓa ƙasa a gabansa." Liman ya gamsu ya tafi. Unguwa ba ta gamsu ba, ni ma haka.

Da aka koma makaranta tsokanar ta bi ni har aji, na yi dambe sau biyu, na sha bulala. Wata safiya na ƙi hawa tabarma, na ce masa, "Baba, kana ba mu kunya." Na zata zai mare ni. Ya dube ni kawai, ya ce, "To, je ka wasanka." Bai sake kirana ba. Na daina ma jerawa da shi zuwa masallacin Juma'a, sai in bi ta wani lungu. Shi ya sa ranar da ya ajiye kujera ya yi sujadarsa ta farko ba na kusa. Ƙanena ne ya ba ni labari, ya ce Baba ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago gemunsa jiƙe yake. Kafin ƙarshen shekara ya koma tasha, bai kuma bar yogarsa ba har ya rasu.

Yau ni ne nake wuni a kujerar ofis a Doka, bayana ya riƙe, likita ya ce in gwada yoga. Yanzu ba mai leƙen katanga, har ɗakunan koyarwa ake buɗewa a gari. Ina jingina waya da bango ina bin wata baƙuwa a bidiyo da ba ta san inda ke mini ciwo ba, ina tangaɗi, ina tsaki, babu mai dafa kafaɗata ya gyara mini tsayuwa. Wata uku ina fama, sauƙin kaɗan-kaɗan yake zuwa, amma ban fasa ba. Baba, malamin da nake buƙata, yana cikin gidanmu shekara ashirin, ban tambaye shi komai ba.