Cittar Mama Tamar

Duk wanda ya ce ya san Mama Tamar kafin shekarar da citta ta ruɓe, ƙarya yake yi. Mun dai san akwai wata tsohuwa, matar marigayi Ezekiyel, mai zama a bencin baya a coci. Shekara ashirin tana noma wata 'yar gona a bayan dutse, jikin kufai inda kakanninmu ke kwance. Babu mai son wurin. Da mijinta ya rasu aka raba ƙasa, wannan ce ta faɗo mata.

Ni Doreen, a citta na tashi, da ita na yi makaranta, da ita na yi aure. Haka kowa a ƙauyenmu na kan hanyar Kagarko. To a tsakiyar damina ganye ya fara yin rawaya. Ka ja shuka, sai ta taho a hannunka lugub kamar dafaffen rogo, ga wari. Wayyo, warin nan! Ya shiga ɗaki, ya shiga tuwo. Cikin mako uku gonaki suka kwanta, ƙauye ya yi tsit kamar ana makoki. Abin da ya fi tsorata mu shi ne iri, don citta da citta ake shuka ta. In ba a tsira da komai ba, baɗi ma babu.

Malamin gona ya zo daga Kafanchan, ya tara mu a filin coci. Ya ce cutar ƙasa take bi, tana manne wa ƙafa da fartanya. Muka ji shi kamar yadda ake jin sanarwa, hankalin kowa na kan asararsa.

Sai labari ya ɓulla cewa gonar Mama Tamar kore shar take. Mhm! Nan baki ya buɗe. Wasu suka ce matattu ke mata gadi, wasu suka ce ita ta sha ruwan gonakinmu. Har da ni aka faɗa, ba zan ɓoye ba. Ran Lahadi wani dattijon coci ya wanke mu tas. Ya ce irin duk ƙauye yana gonar nan, ciyawa na cinye shi, tsohuwa ita kaɗai, mu kuma muna zaune muna kiranta mayya. Kunya ta kama mu, muka ce za mu yi mata gayya.

A wajenmu ba a mayar da gayya. Wanda ya kori mutanen da suka zo taya shi aiki ya zagi gari ke nan. Muka tashi mu talatin, yawancinmu daga ruɓaɓɓun gonakinmu, inda muka fara tonon ko za a dace da wani abu. Hanyar da ita take bi sai an shiga rafi har gwiwa, sannan a ratsa kaburbura. Mu kuwa wa zai ratsa kaburbura? Muka zagaya ta kan dutse, laka dam a ƙafafunmu, muna waƙa.

Muna gangarowa waƙar ta mutu da kanta. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, har ya yi duhu-duhu. Ba kukan tsuntsu, ba iska, amma ganye na motsi. Mama Tamar na tsaye a tsakiya, ta daɗe tana kallonmu.

“Sannunku da zuwa, 'ya'yana,” in ji ta. “Ta ina kuka biyo?”

“Ta kan dutse, Mama.”

Ita ma ta ji abin da malamin gona ya faɗa. Na ga bakinta ya motsa, sai kuma ta juya ta je ta ɗora mana kunu. Kowa ya kama layi, muka yi ta cire ciyawa har rana ta faɗi, muka koma gida muna jin mun yi aikin Allah.

Kwana tara gonar ta fara rawaya.

Ba ta kira kowa ba. Ita kaɗai ta tone gefen rafi, inda rana ta faɗi ba mu kai ba, ta sami daro biyu na citta da ba ta gama ƙosawa ba. Ta binne a yashi cikin inuwa. A ranin nan duwatsun da muke shanya citta sai ƙadangaru, ko motar masu saye ɗaya ba ta shigo ba. Samari suka watse Abuja, mu muka koma noman masara da gangamau don kada yunwa ta kashe mu.

Da ruwa ya sauka ta sari sabon wuri, ta shuka cittar da ta binne, ta kewaye da ƙaya, wannan karon ta kori kowa, har fasto. Aka zage ta, ta toshe kunne. Da ta tone, ba ta sayar da ko ɗaya ba, ko da yake masu saye sun bi ta har ƙofa. Ta raba wa kowane gida kwano ɗaya, ta ce a wanke ƙafa da fartanya kafin a shiga gona. Yanzu a bakin kowace gona za ka ga bokitin ruwa da toka. Ba mu koma yadda muke ba, amma bana ƙamshin citta ya dawo tsakar gida, na kuma biya wa 'yata makaranta.

Kwanan baya na kai mata doya don godiya. Muna zaune sai bakina ya ja ni.

“Mama, wai ta yaya cutar ta shiga gonarki?”

“Layi ɗaya ta fara, 'yata,” in ji ta. “Tabo nan, tabo can, miƙe sar daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mutum na tafiya. Da safe in na zo sai in ga ta ƙara taku.”

“Layin wa?”

“Na uku daga gindin ɗorawa.”

Ni na cire ciyawar layin nan, ni ce ma na ba da waƙa a kansa.

“Ban gaya wa kowa ba,” ta ce, tana fere doyar. “Ke ma kada ki faɗa. Miƙo min wancan kwanon.”